Sunan da Baba Ya Ƙi Cirewa

Duk sanda na bi ta Challawa iska ta kaɗo warin fatar da ake jima a kamfanoni, sai ka ga mutanen cikin mota suna toshe hanci. Ni kuwa gida yake tuna min. Da wannan warin Baba yake dawowa daga aiki, shi da abokinsa, wani mutumin kudancin Kaduna wanda muke haya a gidansa.

Gidan nasa ne, amma ina yaro ya san wannan? Tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Matarsa, da muke kira Mama, ita ke yi min wanka in Umma na fama da goyo. Da damina, in ruwa ya cika lungu, ita ke goya mu ta tsallakar da mu makarantar allo. Da azumi ba ta taɓa cin abinci a gabanmu ba. Ranar Kirsimeti kuwa Baba ke yanka musu akuya don mu ma mu ci. Babban ɗanta sa'ana ne, kwano ɗaya ake zuba mana.

Sai wata shekara gari ya rikice. Ba sai na ba ka labari ba, in a Kano ka tashi ka san irinsa. A ɗakin Umma su Mama suka ɓuya, an saki labule, an hana mu ko tari. Da hankali ya kwanta, maigidan ya ce shi kam ya gama zaman nan, Baba ya sayi gidan.

Ina tuna ranar cinikin. An shimfiɗa tabarma a zaure, mai unguwa ya zo da shaidu, aka rubuta takarda kowa ya sa hannu. Gonarsa ta ƙauye Baba ya sayar ya biya. Maigidan ya miƙa masa takardar mallakar fili, ya ce, "Malam, ka je ma'aikatar ƙasa a mayar da ita sunanka tun ina da rai."

Baba ya ce, "In na cire sunanka, ai na ce kada ka dawo ke nan."

Bai je ba. Umma ta yi mita har ta gaji. Kamfanin ya rufe, Baba ya koma gadi a Sharada, tsufa ya kama shi. Labarin rasuwar abokinsa ma a bakin wani direba ya ji.

Bara Baba ma ya rasu. Mu da yawa ne, gida ɗaya, sai alƙali ya ce a sayar a raba. Dillali ya kawo wani Alhaji mai son gina sito. Lauyansa ya je ma'aikatar ƙasa ya duba, ya dawo ya ce min a wajen hukuma gidan har yanzu na wancan mutumin ne. Takardar zaure shaida ce, amma ba ta canza suna. Sai magadansa sun sa hannu, sannan gwamnati ta amince. Mai unguwa da shaidun kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Na hau mota na nemi garin su Mama. Na tarar da Mama ta tsufa, ido ya yi rauni. Ta shafa fuskata, ta tambayi lafiyar Umma. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, sai ta ce, "Ashe bai cire ba?" Sai hawaye. Ta ce a kawo takarda ta dangwala.

Amma ɗanta, abokin nan nawa, shi kotu ta ba riƙon dukiyar mahaifinsa, sa hannunsa doka take nema. Ya dube ni ya ce, "An sayar, ban musa ba. Amma ka san halin da aka sayar. Wanda ke gudun ransa, ciniki yake yi?"

Mama ta ce, "Ubanka bai taɓa cewa an cuce shi ba."

Ya ce zai yi tunani. Har yau yana tunanin.

Yanzu ƙannena cewa suke sakacin Baba ne ya ja mana. Su zamaninsu, ko ɗaki za ka kama sai da lauya, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da iyalin da ke jiransa. Abin da ke hana ni barci shi ne ban iya cewa abokina ƙarya yake ba. Na ga idon mahaifinsa ranar da suka loda kaya.

Lauya ya ce in muka shiga kotu mu ke da nasara, tunda akwai sauran mutum ɗaya cikin manyan da suka ga cinikin. Na tambaye shi wa. Ya ce Mama. Ita za a ɗauko, a tsayar, ta ba da shaida a kan ɗan da ke ciyar da ita.