Ƙwarya a Kafaɗar Inna

A shekarar da aka zo faɗaɗa titinmu na Sauka Kahuta muka ji labarin wai ashe mu abin kallo ne. Wani kwamiti ya tara 'yan kasuwar bakin titi a ƙarƙashin rumfa, aka raba mana ruwan leda, wani mai kwat ya tashi ya ce Minna tana girma, ta cinye gonaki ta kowace kusurwa, don haka dole a yi tsari. Za a rushe rumfunanmu, amma kada kowa ya damu, an gina mana ƙauyen al'adu a bayan gari, inda masu yawon buɗe ido za su riƙa tururuwa suna sayen kayanmu. Ya ce tsarin mai ɗorewa ne. Ya maimaita kalmar nan har sai da na fara tausaya mata.

Ni malamin firamare ne, na je ne don in raka Inna, mahaifiyata, wadda take sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa tun ina goye. Rumfarta ita ce ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. A gefenta kuma akwai Mama mai tukwane, 'yar Gbagyi, wato waɗanda muke ce wa Gwarawa. Tare suka tsufa a bakin titin. In Inna ta tafi salla, Mama ke auna mata daddawa. Ranar Lahadi kuwa, in Mama tana coci, Inna ce ke cinikin tukwane.

Matsalar ita ce bukkokin sabon wurin ba su kai yawan mutane ba. Sai kwamiti ya fito da hikimarsa: duk macen da ta zo ranar tantancewa cikin shigar gargajiyar garin nan, da baƙin saƙi da ƙwarya a kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi suke ɗaukar kaya, ita za a fara ba wa. Baƙi, a cewarsu, abin da suke son ɗauka a hoto ke nan.

Kakan Inna daga Kano ya biyo aikin jirgin ƙasa. Ita dai tunda take ba ta taɓa ɗora ko ludayi a kafaɗa ba. Amma maganar rumfa ake yi, sai ta sayo saƙi ta ɗaura a kan hijabinta, ta ce wa Mama ta koya mata.

Na ga darasin nan da idona, kuma na yi dariya har da hawaye. Inna ta karkace wuya, ƙwarya tana zamewa, Mama tana bin ta da gyara.

"Hajiya, ba haka ba! Ka sa hannu a kasa, ka bar wuya ya huta. Kai kana tafiya kaman agwagwa."

Inna ta ce, "To ke ina naki saƙin?"

"Ni? Ni zan yi kwalliya in zama Gwari? Ai an haife ni da shi." Ta gyara tabarau. Ita kafaɗarta ta riga ta lalace da ɗaukar itace da doya tun tana budurwa, likita ma ya hana ta. Tukwanenta a Keke Napep take kawo su, kamar kowa.

Ranar tantancewa muka isa ƙauyen al'adun. Bukkoki ne na siminti da aka ɗora wa hular ciyawa a kan kwano, da fitilun sola, da kwandunan shara masu launi daban-daban don sharar da babu mai zubarwa tukuna. Mata sun yi layi, Hausawa da Nufawa da Yarbawa da 'yan kudancin Kaduna, kowace da ƙwarya a kafaɗa, kowace wuya a karkace. Jami'in tantancewar yana ta murmushi, al'ada ta farfaɗo a hannunsa.

Inna ta wuce gabansa ba ta yar da ƙwarya ba. Ya tafa, ya ba ta bukka. Sai ga Mama da atamfarta da tabarau da waya a hannu. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce shigarta ba ta dace da manufar wurin ba.

Mama ta yi dariya, ta zaci wasa ne. "Ɗana, ni ne na koya ma wancan. Tambaye shi." Ta nuna Inna.

Jami'in ya juya. "Hajiya, koya miki aka yi? Don mu 'yan asali muke nema. Kin san matar nan?"

Ina tsaye a bayan Inna, ina jin numfashinta. Kalma ɗaya za ta iya raba ta da bukkar. Ta sunkuyar da kai, ta kama gyaran saƙinta kamar ba da ita ake ba. Ni ma raina ya ɓaci, amma ban ga laifinta ba sosai, don na san abin da ke tukunyar gidanmu. Mama ta daɗe tana kallonta, sannan ta juya ta nemi Keke.

Inna ta zauna a bukkarta damina guda da rani. Masu yawon buɗe idon suna hanya har yanzu. Waɗanda suka zo dai 'yan makaranta ne da aka kawo a bas, suka ɗauke ta hoto, ba wanda ya sayi daddawa. Ta rame, ta rage magana. Wata rana ta ƙulla kuka da daddawa mai yawa a leda, ta ce in nemo Mama in kai mata, in ce tana gaishe ta.

Na same ta a unguwar Tunga, a bakin wata kwata, ta jera tukwane a ƙasa, rana tana dukanta. Ta amsa gaisuwata da fara'a, ta tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa mata ledar na ce Inna ce ta aiko.

Ta dubi ledar, ba ta karɓa ba. "Wane Inna?" ta ce. "Ban san shi ba, ɗana."