Fatu Ban-yarda-ba da Lilon Filin Kuka

A bayan Kasuwar Muda Lawal, in ka ce kana neman Fatu mai ƙuli, sai an tambaye ka wacce. Amma ka ce Fatu Ban-yarda-ba, ko ɗan keken da ya shigo Bauchi jiya zai kai ka ƙofar gidanta. Sunan ba daga sama ya faɗo ba. Tun tana yarinya ba ta karɓar awo sai ta kifa mudu ta duba gindinsa, ko an buge shi ya shige ciki. Ranar da aka kai ta gidan Malam Ɗanlarai birkila, an ce sai da ta ƙwanƙwasa bangon ɗakin da ya gina da hannunsa, ta ji ko ya sha siminti. Ta tsufa a kan suyar ƙuli da matsar mai, ta aurar da 'ya'yanta duka, ga jikarta Zakiyya a hannunta, kuma har yau in ka ce mata hadari ya taso sai ta fito tsakar gida ta ɗaga kai.

Mutane na cewa baƙin hali ne. Su suka sani. Wanda bai taɓa sayen buhun gyaɗa ya tarar da tsakuwa a tsakiyarsa ba, shi ke da bakin faɗin haka.

A gaban gidanta akwai wani fili da ake kira Filin Kuka, saboda tsohuwar kukar da ke gefensa. Nan yaran unguwa ke buga ƙwallo a cikin fasassun kwalabe, nan awaki ke wuni. Bana sai aka ji gwamnati ta ware tallafi don gyara filayen wasa na unguwanni, kuma Filin Kuka ya shiga ciki. Aka kafa allo mai hoton yara suna dariya, yaran da ko ɗaya bai yi kama da na unguwar ba. Ɗan kwangilar, wani Alhaji Mahfuz, ya zo ya zaga filin yana riƙe da bakin babbar rigarsa kada ta taɓa ƙasa. Aka share kwalabe, aka zuba yashi. Ran Laraba mota ta sauke lilo kore shar da abin zamiya ja. Ran Alhamis da hantsi aka kafa rumfa, manya suka yanka ƙyalle, masu hoto suka yi ta cewa yara su ƙara washe baki.

Zakiyya ta sauko daga lilo tana haki, ta ruƙunƙume zanen kakarta.

"Inna, namu ne? Ba sai an biya ba irin na Sallah?"

"Naku ne," in ji Fatu.

Maganar ta fita kafin ta tauna ta, kuma ita ce ta tsaya mata a wuya. Ita da ba ta taɓa ce wa kowa abu nasa ne ba sai ta gan shi a ɗakinsa! Da aka naɗe rumfa, taro ya watse, ta ja takalminta ta nufi lilon. Ta sa ƙafa ta ture yashin da ke gindin ƙarfen. Ko taƙi ɗaya bai shiga ƙasa ba, babu siminti babu dalilinsa, an dai dasa shi kamar rogo. Ta shafa ƙarfen, fenti ya biyo yatsanta. A ƙarƙashin koren akwai shuɗi, kuma a daidai tsayin ƙugunta wani yaro ya taɓa karce sunansa da ƙusa, fenti bai iya rufe shi ba. Firamarenta ta isa ta haɗa baƙaƙen: Treasure.

In Abba ne, unguwar tana da su ko nawa kake so. Amma Treasure, guda ɗaya Fatu ta sani a duniya, 'yar Amaka, wadda Fatu ke sayen gorunan zuba mai a shagonta cikin kasuwa, kuma a Yelwa suke zaune. Ko la'asar ba ta jira ba, ta nufi shagon Amaka.

"Maman Treasure, ku ma an yi muku filin wasa a Yelwa?"

"An yi, Mama! An yi biki, an ci shinkafa. Lilo shuɗi mai kyau. Treasure ya hau har ya ƙi zuwa makaranta."

"Yana nan?"

Amaka ta tafa hannu. "Wane nan? Kwana biyu mota ya zo, suka ce za su kai gyara. Tun kafin Ista. Allo kawai ya rage, akuya yana kwana a ƙasanshi."

To, kun ji. Lilo ɗaya, unguwa nawa? A yi masa wanka da fenti, a ɗauki hoto, a kai ofis a ce an kammala, a ɗora shi a mota a yi gaba. Da babba aka yi wa wannan, sai a ce ya saba. Yara aka yi wa, waɗanda aka ce su washe baki.

Ta je wa mai unguwa da maganar, ya ce, "Fatu, kin fara ko? Alheri ya zo har ƙofar gidanki, ke kina leƙa ƙarƙashinsa." Ta koma wa mijinta, ya ce babu ruwansa da kayan gwamnati. Tana magana ya ga idonta ya tsaya a kan buhunan siminti biyu da ke jingine a zaure, waɗanda ya daɗe yana tanadi don katangarsu da damina ta kayar.

"Ke, ɗauke idonki daga nan. Zana ce fa ke tsakaninmu da titi."

"Kallo kawai na yi, Malam."

"Na san kallonki."

Washegari Juma'a. Maza suka yi wanka, suka fesa turare, suka tafi masallaci, unguwa ta zama ta mata. Fatu ta bi gida-gida, ba da dogon bayani ba. Wata ta fito da fartanya, wata da shebur, wata da bokitin ruwa. Matar birkila ba ta rasa sanin kwaɓi, shekarunta nawa tana wanke kwanon sarkin da mijinta ke ɗibar kwaɓi da shi. Suka haƙa gindin kowace ƙafa ta lilon har gwiwa, suka jibga duwatsu, suka kwaɓa simintin Malam Ɗanlarai da yashin Alhaji Mahfuz, suka ɗura. Sun kai ƙafa ta ƙarshe siminti ya ƙare, abin zamiya bai samu ko cokali ba.

Malam Ɗanlarai ya dawo da dardumarsa a kafaɗa, ya leƙa zaure, ya fito ya tsaya a gaban lilon. Ya daɗe yana kallon aikin.

"Wa ya yi wannan kwaɓin? Ruwa ya yi yawa. Kunu kuka dama?"

Ya miƙa wa Fatu hularsa, ya naɗe hannun rigar Juma'arsa, ya aika a ɗauko masa cokalin gini. Sai da ya daidaita ƙafafun ya shafe su sumul, sannan ya ce katanga kuma ta je ta roƙi gwamnati ta gina mata.

Fatu ta naɗe sarƙoƙin lilon a saman ƙarfe, ta zauna a gindin kuka da tsumagiya, ta hana kowa taɓawa sai siminti ya kama. Zakiyya ta yi kuka har da shessheƙa.

"Ke kika ce namu ne!"

"Shi ya sa. Matsa can."

Asabar da rana motar ta zo. Ƙarti suka diro, suka kama lilo, suka ce ɗaya, biyu, lilo ya ce bai san zancen ba. Suka sake, wani ya dafe ƙugu. Aka kira Alhaji Mahfuz a waya, ya iso yana huci, ya tarar da matan unguwa jere a inuwa kamar masu jiran awo.

"Wa ya taɓa kayan gwamnati?"

"Ni ce, Alhaji," in ji Fatu. "Na ga an manta ba a sa masa siminti ba, na ce kada ya faɗo wa yara a ga laifinka."

"Baiwar Allah, gyara za a kai shi. Akwai sauran fenti."

"Ayya. To a kawo fentin nan mana, ga shi a tsaye, ba inda za shi. Kore za a ƙara, ko shuɗin da ya sa a Yelwa?"

Ya ce zai kira 'yan sanda. Ta ce madalla, ya kira har da masu hoton ran Alhamis, a zo a tone tare, a tambayi wace ce Treasure. Alhaji ya dubi allon da ke ɗauke da sunan unguwar, ya dubi matan, ya gyara hularsa. Bai kira kowa ba. Ya dai yi wa ƙartinsa nuni, suka ɗaga abin zamiya cak kamar faranti, suka jefa a mota. An ce an ga abin wajen Gubi, ya koma ruwan ɗorawa.

Har yau zana ce a madadin katangar Fatu, kuma Malam Ɗanlarai bai fasa tuna mata ba duk sanda iska ta kwantar da ita. Da Amaka ta ji labari ta ce ai lilonsu ne aka riƙe. Fatu ta ce ta kawo yarinyar ta hau, sunanta na jiki, ba mai hana ta. Takan kawo ta ran Lahadi bayan coci, su yi ta faɗan layi da Zakiyya.

Ita kuwa Fatu ta kwashe kaskon suyarta daga tsakar gida ta dawo da shi gindin kuka, inda take fuskantar lilon. Maƙwabta na cewa ta huta mana, ai ƙafafu sun kafu. Takan ce ƙafafu ne suka kafu, sarƙa da kujeru noti ne ke riƙe da su, kuma ba ta ga wanda ya hana sayar da sifana a garin nan ba.