Ƙudajen da Isha'aku Ya Ɗaura

Isha'aku ɗan Sarkawa ne, haifaffen Gaya a bakin kogin Kwara, kuma tun bai iya ɗaura wando ba ya iya jefa birgin kamun kifi. Ya zo aikin hajji a 1979, ya maƙale a Jidda kamar sauran jama'a, har ya samu iƙama, takardar zama, a hannun wani attajirin kayan gini, Ammi Abdulghaffar, ya zama direban gidansa. Ɗaki ɗaya suka kama a unguwar Hindawiyya shi da matarsa Haoua. Ga teku nan a bakin gari, amma bai taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Shi a wurinsa, ruwan da ba a sha ba ruwa ba ne.

Shi kuwa Ammi yana da wata jaraba. Kowace shekara, da zarar ƙanƙara ta fara narkewa a duwatsun Ostiriya, sai ya haɗa kaya ya tafi kamun wani kifin kogi mai jajayen ɗigo, wai shi tirawut. Ba da tana ake kama shi ba. Ƙudan ƙarya ake ɗaurawa a jikin ƙugiya da gashin tsuntsu da zare, a wurga kan ruwa, kifi ya taso ya cafke. Isha'aku ya saba ɗinkin taru, don haka bai daɗe ba ya iya ɗaura su da gashin zabo da na wuyan zakara. Ammi ya daina amfani da na kowa.

Sau ɗaya tak aka tafi da shi, a 1991. Da ya ga kogin yana gangarowa tsakanin duwatsu, garau, sai da ya yi ƙwalla. Ammi ya kama wani ƙato, aka ɗauki hoto, ya miƙa masa. Isha'aku ya yi bismillah, ya ɗauki dutse ya ƙwala wa kifin a ka, yadda kowane ɗan masunta zai yi. Ashe a wannan kogin kamawa ake yi a saki. Baturen da ke musu jagora ya yi jawur, Ammi ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

"Ammi, kifi ne fa," in ji Isha'aku.

"Halas, ya Ishaƙ. Shi ke nan."

Daga shekarar da ta biyo baya sai aka koma tafiya da Dabo, mai dafa gahawar gidan, ɗan Damagaram, wanda Isha'aku da kansa ya kawo shi aikin. Dabo fa, mutumin da ko a kwale-kwale bai taɓa zama ba! Sakin kifi bai taɓa yi masa wuya ba, don dama tsoron riƙe shi yake yi.

Kishi ya ci Isha'aku, ba kaɗan ba. Shi zai ɗaura ƙudajen, shi zai kai matafiyan filin jirgi, shi zai ɗauko su. Dabo ya shigo mota da wata hular ulu, kumatu sun yi ɓul-ɓul, yana cewa, "Yaya Isha'aku, wallahi ruwan bana ya fi na bara sanyi." Sai Isha'aku ya ƙara ƙarar rediyo. In ya koma gida, Haoua ba ta ko tambaya. Da ta ji yadda ya turo ƙofa ta san matafiya sun dawo.

A 2006 abin ya kai shi bango. Kafin ya ɗaura ƙudajen tafiyar, sai ya sa zarto ya goge bakin kowace ƙugiya har ta dakushe, sannan ya lulluɓe ta da gashi mai kyau. Ya san idon Ammi ya yi rauni, Dabo ne ke ɗaura masa su a zaren fatsa, kuma me Dabo ya sani?

Suka dawo Ammi na cika yana batsewa. Kifi na tasowa ya cafka ya suɓuce, ko ɗaya bai kama ba. "Dabo ba shi da sa'a," ya ce a mota, a gaban Dabon. "Baɗi kai za ka, ya Ishaƙ. Amma ka saki, ka ji?"

Dabo ya mai da fuskarsa wajen taga.

Isha'aku ya tafi kasuwar Bani Malik ya sayo rigar sanyi a tsakiyar zafin Agusta, yana gwada ta a ƙarƙashin fanka. Wata rana Haoua ta same shi tsugune a gaban bokiti, yana riƙe sabulu a cikin ruwa yana buɗe hannu a hankali.

"Malam, lafiya?"

"Koyon saki nake yi."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, shi kuwa bai ga abin dariya ba.

A watan Janairu ɓarin jikin Ammi ya shanye. 'Ya'yansa suka tattara sandunan fatsa suka kai sito, ba a sake maganar Ostiriya a gidan ba.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar Dabo ya zo Hindawiyya da ƙaramin akwatin ƙudajen, ya ajiye a kan tabarma.

"Yaya, kayanka ne."

"Me zan yi da su?"

"Tun ranar farko na ga bakin ƙugiyoyin," in ji Dabo, idonsa a ƙasa. "Na ce bari in yi shiru, in aka ce laifina ne sai a tafi da kai. Kogin nan naka ne, Yaya. Ni ban da sanyi ba abin da nake sha a can."

Ya yi sallama ya fita. Isha'aku ya bi bayansa da kallo, kunya ta rufe shi, kuma a ƙarƙashin kunyar kishin yana nan daram. Wato har a wannan ma ɗan Damagaram ya fi shi. Ya buɗe akwatin, ya zaro ƙuda ɗaya mai gashin zabo, ya danna babban yatsansa a bakin ƙugiyar da ƙarfi, yana so ta soke shi. Ko ƙwarzane ba ta yi masa ba.