Bayan Haƙar Doya

Jiya matata tana kankare gindin tukunya da cokali, sai ƙarar ta mayar da ni gidanmu na unguwar Barade a Jalingo, shekarun nan na casa'in da man fetur ya yi wuya har manyan ma'aikata suka koma tafiyar ƙasa. Ina ɗan shekara tara a lokacin. A gidanmu mutum ɗaya ce ke kankare tukunya, wata yarinya da aka kawo aiki.

Mahaifiyata ta haifi tagwaye da farkon damina, aiki ya yi mata yawa. Sai wani abokin babana ya kawo yarinyar daga duwatsun Mumuye, can ta hanyar Zing. Ba ta kai ni tsawo ba, ba ta jin Hausa, kayanta duka a ƙulle cikin ɗankwali ɗaya. Mutumin ya ce aro ne, da an haƙe doya zai zo ya mayar da ita. Mahaifiyata ta gwada faɗin sunanta sau biyu, harshenta ya ƙi, sai ta raɗa mata wani mai sauƙi, kamar yadda kowa ke yi.

Kada ku ɗauka mahaifiyata muguwa ce. Abin da ta ga ana yi a unguwa shi ta yi. Yarinyar ke fara tashi, ita ke ɗebo ruwa, ita ke wanke tsumman tagwaye. In mun ci mun ƙoshi a miƙa mata tukunya ta ci ƙanzo a bakin murhu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, aikina kwaikwayon Hausarta.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kiranta da sabon sunan ba: kakata, mahaifiyar babana. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki, kullum da goro a kumatu, ɗankwali ɗaure tamau ko da ana zafin bazara. Ni take kira maigida, tana cewa ba ta taɓa ganin miji mai ci kamar fara ba kuma ba ya cefane. Ta zauna da yarinyar har ta iya sunan nata na asali. Sannan ta ƙirƙiro wata al'ada da ta ba mu dariya. Kowace safiya, kafin yarinyar ta ɗauki bokiti, sai kaka ta tsayar da ita ta sa ta faɗi sunanta, da sunan ubanta, da na ƙauyensu, da ranar da kasuwarsu ke ci. Mun ce tsufa ne ya fara taɓa ta.

Wata rana da hantsi yarinyar ta sauke tukunyar kunu daga wuta, tukunyar ta ƙone mata hannu, ta sake ta. Kunu ya malale a tsakar gida, tagwaye suna ihu. Mahaifiyata ta zaro muciya. Kaka ta taso daga tabarmarta, ta shiga tsakaninsu, ta kwance ɗankwalinta.

Ban taɓa ganin kanta ba sai ranar. Tsakiyar kan babu gashi ko ɗaya, fatar ta yi sulɓi da tabo, faɗin tafin hannu.

"Tulu ne," in ji ta. "Ba gammo."

Nan ta gaya mana abin da ko babana bai sani ba sosai. Tana ƙarama, haƙoranta ba su gama fita ba, aka kawo ta wani babban gida aiki. Daga rafi zuwa gida, safe da yamma, har kan ya yi ƙurji, ƙurjin ya warke ya sake fashewa. A ɗakin awaki take kwana. In ta yi kuka da yarensu a doke ta, har yaren ya bar bakinta. Ta ce tsofaffin da ta tarar a gidan sun fi ta shan wuya, su da igiya aka kawo su tun kafin Turawa. Masu gidan suka sa mata suna, sunan da muka san ta da shi.

"Ni ma an ce bayan girbi za a mayar da ni," ta ce wa mahaifiyata. "Girbi saba'in ya wuce, ina nan ina jira. Ajiye muciyar, 'yata."

Mahaifiyata ta ajiye. Daga ranar yarinyar ta koma cin abinci a kwanon kaka, ni kuma na daina kwaikwayonta, don kunya ta kama ni.

Ruwa ya ɗauke, sabuwar doya ta cika kasuwa, amma abokin babana bai zo ba. Mako biyu, mako uku. Mahaifiyata ta ce a bari tagwaye su fara tafiya tukuna, ai yanzu yarinyar ba ta shan wahala. Babana ya ce babu mai, babu mota, a dakata zuwa baɗi. Maganarsu ba ta rasa gaskiya ba. Kaka ta saurare su har ƙarshe, ta tofar da goronta.

"Haka aka ce a kaina. Ba wanda ya ce ba za a mayar da ni ba. Baɗi kawai aka ce."

Washegari da sassafe ta ɗaura zanenta na fita, ta kama hannun yarinyar, ta ce ni maigida in ɗauki ƙullin kaya in yi amfani ko sau ɗaya a rayuwata. A tasha ba wanda ya san inda abokin babana ya ɗauko ta. Kaka ta ce wa yarinyar, "Faɗa musu." Ta faɗi ƙauyen, ta faɗi ranar kasuwa. Wani yaron motar doya ya ce da gurguwar Hausarsa, "Na san shi wannan wuri, Mama. Ka hau baya." Muka hau bayan motar, tsohuwa mai ciwon gwiwa tana zaune a kan buhun wofi, ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Inda mota ta tsaya muka taka da ƙafa, muna hawa. Kaka tana hutawa a kan duwatsu, tana zagina wai ni ke jan tafiyar. Da la'asar muka iso wata gona. Wata mata tana duƙe tana tara doya, ta ɗago, ta ƙwala kiran sunan nan da mahaifiyata ta kasa faɗa. Yarinyar ta fizge hannunta ta ruga.

Kaka ta zauna a kan kunyar doya tana kallonsu. Mata suka kewaye ta suna godiya da yarensu, tana kasa kunne sosai, ko za ta tsinci kalma ɗaya da ta sani. Ba ta tsinta ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Ka ga ta amsa? Ni ko an kira nawa, ba zan san da ni ake ba."

Yau Jalingo ta faɗaɗa, gidaje sun haye inda muke farautar ɓeraye, amma har yanzu ina ganin ƙananan yara da bokiti a gidajen masu hali, da sunayen da ba nasu ba. Ban taɓa sanin mutum mai ƙarfin hali kamar tsohuwar nan ba, kuma ina kewarta. Da aka haifa mini 'ya mace na ce sunan kaka za ta ci. Sai da na raɗa mata shi a kunne na tuna cewa sunan da masu gidan suka ba ta ne. Ba mu da wani.