Gilashin Tagar Inna

Ɗakin Inna a gidanmu na unguwar New Bell a Duwala taga ɗaya gare shi, kuma lungu take kallo. Lungun nan in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace, ga kwata ta cinye rabinsa. Tagar ta katako ce. In an rufe ta, duhu da zafi su dafa mutum. In an buɗe, duk mai wucewa ya san launin zanen gadonki. Shekara da shekaru Inna duhun ta zaɓa.

Ciwon a nononta na hagu ya fara. Ta ɓoye shi har ya fashe, ni kaina wari ne ya sanar da ni. Da muka kai ta lopital, likita ya duba ya ce an makara. A cikin tasi muna dawowa ta damƙe hannuna ta ce, "Daga ni sai ke sai yayanki. In wani ya ji, ban yafe ba." Inna mace ce da ko ɗankwalinta ba ya zamewa a gaban maƙwabta. Ta riga ta sallama wa mutuwa, abu ɗaya take roƙo: ta tafi ba wanda ya ga yadda jikinta ya koma. Duk mai tambaya mu ce hawan jini ne. In 'yan dubiya za su shigo, mu turara ɗakin, ta lulluɓa da babban mayafi, ta yi musu hira har da dariya.

Yayana a lokacin dako yake yi a wani shagon masu gilashi a Yassa, can yake kwana. Wata Lahadi sai ga shi a bayan bensikin, babur ɗin haya, rungume da wani gilashi mai duhu-duhu, ragowar aikin wani bene. Ya cire katakon, ya kafa gilashin, ya liƙe gefensa tsaf, yana ta hura hanci.

"Inna, wannan vitre teintée ne, irin na manyan biro, ofisoshin nan. Ke kina ganin kowa, ba mai ganinki."

Inna ba ta sayen magana da baki. Ta ce in fita in leƙo. Na fita, rana tsaka, na manna goshina a jikinsa. Ban ga komai ba sai fuskata da kwanon gidan da ke bayana. Ta kori Yaya shi ma, ta ɗaga yatsu ta ce ya faɗi nawa ne, ya kasa. Ranar ta sa masa albarka har sai da ya sunkuyar da kai.

Ba zan ci haƙƙin gilashin nan ba, ya ba ta daɗi. Muka jawo gadonta gabansa, ta wuni tana kallon lungu. Mata kan tsaya su gyara ɗauri a jikinsa, wani dattijo mai ji da kansa kullum a nan yake sakace. Inna ta yi ta dariya har ciwon ya motsa, ta dafe ƙirji ta ce, "Wannan ta fi tele."

Bayan magariba, in iska ta ɗan sauko, nake wanke mata ciwon. In kunna ƙwan lantarki, in zaunar da ita a bakin gado, in tuɓe ta zuwa ƙugu. Takan cusa bakin zane a baki ta cije, don kada a ji nishinta a waje. In muka ɗaga kai, fuskokinmu muke gani a gilashin, sai hankalinmu ya kwanta.

Akwai abubuwan da na gani ban ɗauke su komai ba. Mazan da ke shan shayi a benci daura da tagarmu suka ɗauke bencinsu zuwa bakin lungu. Goggo mai makala, wata Bafulatanar Garwa da ke suyar makalar, wato fanke, da yamma a ƙofarta, ta juya kaskonta ta ba gidanmu baya. Sai kuma ta shiga aiko mana tsofaffin zannuwa masu laushi, a wanke, a yayyage, wai mu yi goge-goge. Inna ta taɓe baki ta ce, "Masu gareji ta maishe mu?" Amma da su nake tsane mata ciwon, don sun fi auduga taushi.

Wata ranar bayan magariba ina tsakiyar wanke mata ciwon ruwan maganin ya ƙare. Na bar ta a zaune na ruga kanti. Tun da aka sa gilashin ban taɓa kasancewa a waje a wannan lokaci ba. Ina shigowa lungu na ɗaga kai na dubi tagarmu. Ga ɗakin nan tarwai. Ga Inna tsirara zuwa ƙugu, kanta ba ɗankwali, zane a bakinta, ga ciwon a buɗe. Har ƙudan da ke kan roba ina gani.

Na juya kan Goggo. "Goggo, tun yaushe?"

Ba ta ɗago daga kaskon ba. "Tun ranar da aka sa, 'yata."

"Kuma duk kartiyen nan, unguwa guda, aka rasa mai baki?"

"Da wane bakin? In na faɗa miki, kin san na gani ke nan. Mun kori yara, mun ta da maza. C'est tout, iyakar abin da muka iya ke nan."

Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take. Kunyarsu ta bar uwata a tsirara wata da watanni, kuma ban san ko in gode musu ko in tsine musu ba.

Na shiga na rataya mayafina a tagar, na ce sanyi ke shigowa. Sanyi a Duwala! Inna ta dube ni, ta dubi mayafin. Ta ce in cire shi in kashe wuta. Na kashe, lungu ya bayyana, ga wutar Goggo, ga bayanta. Ta ce in kunna. Fuskokinmu suka dawo. Ta daɗe tana kallon tulin tsummokaran nan da ke gefen gado.

"Shi ya sa masu shayi suka tashi," in ji ta.

Da Yaya ya zo ta ce ya mayar mata da katakonta, ya buga ƙusa. Yana bugawa yana kuka, don shi ma da rana kaɗai ya taɓa kula da irin gilashin. Daga ranar ta daina karɓar 'yan dubiya, ta juya fuska bango, ba a sake jin dariyarta ba. Ba ta yi wata guda a bayan haka ba ta rasu.

Ni da Goggo muka yi mata wanka. Da muka zo wajen ƙirjin na kasa. Goggo ta karɓi tsumman, ko gezau ba ta yi ba. Ta bi ciwon a hankali, daga gefe zuwa ciki, tana tsallake wajen da Inna ta fi jin zafi, daidai yadda nake yi kullum. Ban taɓa nuna mata ba.