Albashin Farkon Ɗiyar Yaya Binta

Bana shekara tara da rasuwar Yaya Binta, kuma wallahi har yau in na ji warin maganin asibiti sai ta faɗo min a rai, don da shi take shigowa gida. Ni ƙaninta ne, ita ta goya ni. Nas ce, a wani ƙaramin asibiti da ke wajen Gwiwa ta ƙare aikinta, kullum a bayan ɗan acaɓa daga Kazaure, rani da damina.

Masu yabon mamaci sukan ce wai ba ta damu da kuɗi ba. Ƙarya suke mata! Yaya ta damu ƙwarai. Ran da albashi ya shigo za ka ji tana mita ita kaɗai, wai wannan ko goma ga wata ba zai kai ba. Ta yi adashe, ta yi kiwon tumaki. Abu ɗaya da ba ta taɓa yi ba shi ne huce haushinta a kan mara lafiya.

Bayan rasuwarta, 'yarta Ummi ta ce ita ma jinya za ta karanta. Mahaifinta Malam Sule, mai awon hatsi a Babura, ya yi tsalle ya dire. A ganinsa aikin nan ya cinye ƙarfin matarsa, bai bar mata ko fili ba. Bai hana ba, amma ya ce kada a taɓa kawo masa ko sisi daga kuɗin aikin. Raina ya ɓaci, sai dai mijin yayata ne, dole na haɗiye.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Tsada ta fi ta lokacinta, wannan ba musu. Amma yanzu nas in ta ƙaro karatu matsayinta na tashi, asibitocin kuɗi na Kano suna nemanta, wasu har Saudiyya. Na san Yaya, cewa za ta yi a karɓi haƙƙi ba kunya, a kuma yi aikin tsakani da Allah.

Watan jiya Ummi ta ɗauki albashinta na farko. A wurinmu wannan ba naka ba ne, manya ake raba wa su sa albarka. Ta same ni idonta jawur.

"Kawu, in Baba ya ƙi karɓa, ajiye aikin zan yi. Ba zan iya ba babu albarkarsa."

Na raka ta Babura. Ta durƙusa gabansa a rumfa, ta ajiye yadi da goro da rabonsa. Ya dubi kayan. Sannan ya ɗauki goro ɗaya ya fasa.

"Uwarki ta so ta koma karatun ungozoma, ni na ce ta bari sai kun tasa," in ji shi. "Kuɗin na karɓa, na kuma ba ki. Ki fara tarin makaranta da su. Allah ya yi miki albarka."

Gaskiya ne Yaya ba ta bar dukiyar da za a raba ba. Ta bar yarinyar da ta ga wahalar aikin da idonta, ta san abin da ake biya, ta kuma ce tana so. Allah ya jiƙanki Yaya. Ummi na nan a Roni tana aiki, baɗi in Allah ya yarda za ta koma makaranta.