Askar Baba da haɓar ƙanwata

Babanmu wanzami ne, kuma a Dakoro kowa ya san hannunsa. Har daga Korahane ake aiko masa ranar suna. Shi ya yi wa ƙanwata ƴar baka, tsagen nan na gefen baki. Yakan ɗaga haɓarta a gaban baƙi ya ce su duba, ko da ma'auni sai haka.

Da ta fara zama budurwa sai haɓar ta soma karkata hagu, a hankali, kamar katangar da damina ke ci. Haƙoranta suka daina haɗuwa. Tsagen dama ya sauko ƙasa da na hagu.

Wasu suka ce iska ta mare ta. Amma maganar da ta zauna a gari ita ce askar Baba ta taɓa jijiya. Masu jego suka koma wurin wani wanzamin da ko gemu bai iya gyarawa ba. Abin da ke ci mini rai har yau, shi ma Baba ya yarda. Ya rataye zabirarsa a ƙusa. In ƙanwata ta kawo masa tuwo, ƙasa yake kallo.

Na taɓa jin yana ce wa Inna, "Ni na ɓata ɗiyar ga da hannuna. Mi za ni ce ma Allah?"

Da wannan ya rasu.

Sai bayan rasuwarsa na samu halin kai ta asibiti a Yamai. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce mu dawo bayan watanni, muka dawo aka sake wani. Likitan ya jera hotunan, ya nuna mana gaɓar muƙamuƙi a gaban kunnen dama. Ya ce sauran ƙasusuwa sun tsaya, wannan ne ya ƙi daina girma, yana ture haɓar gefe.

Ƙanwata ta ce, "Ashe ba aska ta yi ba?"

"Wace aska?" in ji shi. "Aska ba ta kai nan."

Ta gaban kunnen suka yi aiki, suka rage kan ƙashin. Da kumburi ya sace, haɓar ta dawo kusa da mazauninta, tsagen biyu suka daidaita yadda Baba ya yi su.

Zabirar tana nan a ƙusa. Ƙanwata ta ce ba ta son madubi yanzu, don duk ta duba aikin Baba take gani, kuma ba wanda za ta je ta nuna wa.